Dutsen Apophis da ake cewa zai faɗo mana a 2029: ina ya dosa, kuma yaya girmansa yake?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min tambaya, ya ce ya ga bidiyo yana ta yawo wai akwai wani ƙaton dutse a sararin samaniya mai suna Apophis da zai faɗo wa duniya a 2029. Yana so ya san girman dutsen na gaskiya da hanyar da yake bi, sai kuma ya ƙara da wata wadda ita ce ma ta sa na zauna rubutun nan: idan har masana sun ce ba zai same mu ba, to me ya sa har yau sunansa ke cikin jerin duwatsu "masu yiwuwar haɗari", ko dai akwai abin da ake ɓoye mana ne?

To malam, bari in fara kwantar maka da hankali tukuna. Apophis ba zai faɗo mana a 2029 ba. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029, in Allah ya kai mu, zai zo ya gifta ta gefenmu da tazarar kamar kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ya yi gaba abinsa. Girmansa kuwa wajen mita 340 ne in an ɗauki matsakaici. Amsar kenan a dunƙule. Amma ni abin da ya daɗe yana ba ni mamaki a wannan fannin, kuma nake yawan faɗa wa ɗalibaina, shi ne lambobin nan biyu da na ba ka ba ƙarfinsu ɗaya ba. Inda dutsen zai kasance a daren nan mun san shi kamar yunwar cikinmu, kuskuren bai wuce 'yan kilomitoci ba, amma girman nasa har gobe akwai kame-kame a ciki. Mutane suna ɗauka akasin haka ne, suna ganin ai auna girman abu ya fi sauƙi a kan faɗin inda zai je nan da shekaru. A sama ba haka abin yake ba.

Bari in fara da laƙabin nan da ya tayar maka da hankali, don shi ne ya fi rikita jama'a. Wannan suna na "mai yiwuwar haɗari", wanda za ka ga ana taƙaita shi da PHA, ba hasashe ba ne na cewa abu zai faru, rajista ce kawai. Sharaɗi biyu ne dutse zai cika a rubuta shi a ciki. Na farko, hanyar da yake bi yana zagaya rana, wato falakinsa, ta matso kusa da hanyar duniya da tazarar da ba ta wuce kilomita miliyan 7.5 ba. Na biyu, haskensa ya nuna cewa girmansa ya kai wajen mita 140 ko sama. Shi kenan. Babu ranar karo a ciki, babu kaso kaza cikin ɗari, babu komai.

Ka lura da kyau, hanya da hanya na ce, ban ce dutse da duniya ba. Ka ɗauka tituna biyu ne suka haɗu a mahaɗa, to kasancewar sun haɗu ba ya nufin duk motar da ta biyo wannan sai ta daki wadda ta biyo wancan, sai in su biyun sun iso mahaɗar a lokaci guda. Ita kuma duniya gudu take yi na kusan kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya, faɗinta kilomita 12,700 da ɗoriya, kenan cikin minti 7 kacal ta bar gurbin da take ta koma wani. Dutsen da ya makara da minti 10 ko ya yi sammako da minti 10 ya tarar da wayam. Sannan ita kanta tazarar miliyan 7.5 ɗin ba ƙarama ba ce fa, ta kusa ninka nisan wata sau 20, tunda wata yana wajen kilomita 384,000 ne daga nan. An buɗa ragar da faɗi haka ne da gangan, saboda manyan duniyoyi irin su Mushtari, da ita kanta duniyarmu, suna jan ƙananan duwatsun nan suna karkatar musu da hanya sannu a hankali, wanda yake nesa yau yana iya matsowa bayan ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa sunan Apophis ba zai fita daga rajistar ba ko da an tabbatar ba zai taɓa mu a wannan ƙarnin ba, ire-irensa a cikin rajistar sun haura 2,000, kuma kusan dukkansu babu wanda yake rasa barci a kansu.

Wani abin dariya ma, dutsen da ya fashe a saman garin Chelyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013 ya jikkata mutum wajen 1,500, yawanci da fasassun gilasan taga, ko da an gan shi kafin ya iso ba zai shiga rajistar ba, don bai wuce mita 20 ba. Haka wani dutse mai lamba 2024 YR4 da ya tayar da ƙura a farkon 2025, shi ma bai cika sharaɗin girma ba. Kaga kenan laƙabin bai cika nuna wanda ya fi barazana a yau ba.

Yanzu hanyar shi Apophis ɗin. Ba da'ira ce cif ba, ta ɗan miƙe kamar ƙwai. In ya matsa kusa da rana yana kaiwa wajen kilomita miliyan 112 daga gare ta, wato dab da hanyar Zuhura, in ya yi nisa kuma ya kai wajen miliyan 164. Mu kuma muna wajen miliyan 150. To kaga dole ya riƙa tsallaka layinmu, ya shiga ciki ya fito waje a kowane zagaye, kodayake mafi yawan lokacinsa a ciki yake yi, tsakaninmu da rana. Shekararsa kwana 324 ce a ƙiyasi, ta fi tamu gajarta. Kuma hanyar tasa ta kwanta kusan a shimfiɗa ɗaya da tamu, karkatar digiri 3 da ɗan wani abu ce kawai, wannan ne ya sa inda hanyoyin suka gifta juna suke kusan taɓa juna, da a ce karkatar ta yi yawa da sai ya riƙa wucewa ta can sama ko ta can ƙasa ba ruwanmu da shi. Duwatsun da suke da irin wannan falakin, masu gajeriyar shekara amma suna tsallako layin duniya, ana kiran rukuninsu Aten. Suna da wuyar sa ido, don sau da yawa suna ɓangaren rana ne, da rana tsaka kuwa madubin hangen nesa ba ya ganin komai.

In kana son ka gwada lissafin da kanka akwai dokar Kepler ta uku, mai sauƙi ce. Ka ɗauki tazarar duniya da rana a matsayin 1, to matsakaicin nisan Apophis 0.922 ne. Ka ninka shi da kansa sau uku ka ɗauki tushen murabba'i, za ka samu 0.885 na shekara, ka buga da 365 ka ga ko ba kwana 323 da 'yan kai za ta ba ka ba. Ina son ba ɗalibai wannan don su ga ba tsafi ake yi ba, kalkuletar waya ma ta isa.

Yadda aka yi har sunansa ya zama abin tsoro kuwa labari ne mai daɗin ji. Mutum uku ne suka fara ganinsa, Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi, ranar 19 ga Yuni 2004 a cibiyar duban taurari ta Kitt Peak da ke Arizona a Amurka. Dare biyu kawai suka samu suka bi shi sai ya ɓace musu. Aka yi masa lamba 2004 MN4 aka ajiye. Sai a watan Disamba aka sake tsinto shi daga Siding Spring a Ostareliya, da aka haɗa ganin Yuni da na Disamba aka saka a kwamfuta sai ga duniya zaune a tsakiyar inda ake zaton zai bi a 2029. Kullum aka ƙara awo sai yiwuwar karon ta ƙaru, har ta kai kashi 2.7 cikin ɗari, wato ɗaya cikin 37. Akwai wani ma'aunin haɗari da ake kira ma'aunin Torino, daga 0 zuwa 10, Apophis ya hau mataki na 4, har yau babu dutsen da ya taɓa kaiwa nan. Abin ya zo daidai da kwanakin da igiyar tsunami ta afka wa ƙasashen tekun Indiya a 26 ga Disamba 2004, shi ya sa duniya ba ta ma ji labarin sosai ba a lokacin. Abin da ya warware matsalar ba wani sabon madubi ba ne, tsofaffin hotuna ne. Aka koma aka tono hotunan da shirin Spacewatch ya ɗauka a watan Maris 2004, sai ga dutsen a ciki ba wanda ya lura da shi, wannan ya tsawaita tarihin hanyarsa da wata uku, nan take lissafi ya nuna 2029 babu karo. A 2005 aka ba shi lamba 99942 da sunan Apophis, sunan wani maciji ne na tatsuniyoyin Misira ta dā.

Nan zan ɗan tsaya, domin wannan hawa da saukar lambar shi ne yake sa mutane su ce ana musu wasa da hankali, jiya an ce kashi 1, yau kashi 3, gobe a ce sifili. Ga yadda abin yake. In ka ga dutse na 'yan kwanaki kaɗan, ba hanya ɗaya kake samu ba, dubban hanyoyi ne da duk suka dace da ɗan abin da ka gani. In ka miƙa su zuwa shekara 25 gaba sai su bazu su zama kamar wani dogon gajimare, dutsen yana wani wuri a ciki amma ba ka san ina ba. In duniya tana cikin gajimaren, yiwuwar karo ita ce kason da ta cinye a cikinsa. To da ka ƙara awo gajimaren sai ya tsuke, ita kuwa duniya girmanta bai canza ba, muddin tana ciki dole kasonta ya ƙaru. Haka zai yi ta hawa har ranar da gajimaren ya tsuke ya bar ta a waje, sai lambar ta faɗo ƙasa tim a dare ɗaya. Abin da ya faru da 2024 YR4 kenan sak, an gano shi a ƙarshen Disamba 2024 daga Chile, yiwuwar karonsa na 22 ga Disamba 2032 ta hau har kashi 3.1 a tsakiyar Fabrairu 2025, cikin mako guda ta ruguje. Wanda ya san lissafin bai yi mamaki ba ko kaɗan.

Amma da aka cire 2029 tsugune ba ta ƙare ba. Wucewa kusa da duniya irin wannan tana lanƙwasa hanyar dutse sosai, kuma yawan lanƙwasar ya danganta da ainihin inda ya bi. Akwai wasu 'yan ƙananan gurabe a sararin da ke gefen duniya, masana na kiransu kafar makulli, in dutsen ya ratsa ta cikin ɗaya daga cikinsu to janyowar duniya za ta saita shi ya dawo daidai kanmu bayan wasu shekaru. Kafar da ake tsoro a lokacin ita ce ta 2036, faɗinta bai kai kilomita ɗaya ba. Ka duba fa, abu yana tafiyar ɗaruruwan miliyoyin kilomita a shekara, ana so a san ko zai bi ta wata kafa da ba ta kai kilomita ba. Da ya zo wucewa a Janairu 2013 da tazarar wajen kilomita miliyan 14 da rabi aka auna shi da rada, aka cire 2036. Sai ya rage saura 2068.

Abin da ya sa 2068 ta daɗe ba a cire ta ba wani ƙaramin abu ne da ni a ganina ya fi komai ban sha'awa a duk labarin. Rana tana gasa gefe ɗaya na dutsen, shi kuma yana juyawa, sai gefen da ya sha rana ya juya ya riƙa fitar da zafin ta wata fuska daban. Zafin nan da ke fita yana ɗan tura dutsen, turawar da in a tafin hannunka ne da ƙyar ka ji ta, amma ba ta tsayawa dare da rana shekara da shekaru. Ana kiran abin tasirin Yarkovsky, sunan wani injiniya da ya fara kawo tunanin tun wajen 1900. A 2020 shi Tholen ɗin da abokan aikinsa suka sanar cewa sun auno shi a jikin Apophis da madubin Subaru na Hawai, falakin yana tsukewa da kimanin mita 170 a shekara. Mita 170 a cikin kilomita miliyan 138, sai ka ce ba komai ba, amma tsukewar tana canza tsawon shekararsa, kuskuren lokaci kuma taruwa yake yi zagaye bayan zagaye, ga shi kuma mun ce minti 7 ne tsakanin karo da wucewa.

A farkon Maris 2021 ya sake zuwa, wannan karon da nisan kilomita miliyan 17. Babban faifan rada na Arecibo da ke Puerto Rico mai faɗin mita 305, wanda da shi ne gwanin wannan aikin, ya riga ya rushe a Disamba 2020, wallahi rashin nan har yau ana jin sa. Sai aka yi dabara, faifan Goldstone na Kalifoniya mai mita 70 ya harba siginar, na Green Bank mai mita 100 ya karɓi amsar da ta dawo. Ita rada lokacin da sigina ya ɗauka ya je ya dawo take aunawa, tunda kuma an san gudun haske, sai nisan ya fito. Sun auno nisan dutsen da kuskuren da bai wuce mita 150 ba. Daga nan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta cire shi daga jerin waɗanda ake lissafa wa yiwuwar karo, ta ce aƙalla shekara 100 masu zuwa babu fargaba. Ka bambance jerin nan biyu, wannan da aka cire shi a ciki shi ne na haɗarin gaske, wancan na PHA da yake ciki har yanzu rajistar unguwa ce kawai.

To mu zo kan girma, inda na ce akwai kame-kame. Matsalar ita ce a madubin hangen nesa Apophis ɗigon haske ne kawai, ba ka ganin gefe balle ka sa ma'auni. Kuma hasken ba nasa ba ne, na rana ne yake mayarwa. Ƙaramin dutse mai fari-fari da babban dutse baƙi ƙirin kamar gawayi suna iya ba ka haske iri ɗaya. Abin da ake fara samu shi ne wata lamba da ake kira H, wato hasken da dutsen zai yi in an ajiye shi a wani ƙayyadadden nisa, kuma lambar a juye take, ƙaramar lamba ita ce babban dutse. Sharaɗin rajistar nan ma a gaskiya ba mita 140 aka rubuta ba, H 22 aka rubuta, sai aka ɗauka dutsen yana mayar da kashi 14 cikin ɗari na hasken da ya same shi, shi ne ya ba da 140. In baƙi ne mai mayar da kashi 5, wannan H 22 ɗin dai mita 240 ce. In mai haske ne da ke mayar da kashi 25, ya dawo mita 105. Shi ya sa za ka ga labari ya ce dutse kaza girmansa tsakanin mita 40 da 90, ka ce wane irin awo ne wannan, ai iyakar abin da haske zai iya faɗa kenan. Na taɓa ba ɗalibai wannan lissafin ban faɗa musu launin dutsen ba, kowa ya zaɓi nasa, aka kawo min amsoshi wani ya ninka wani, suna ta musu wa ya yi kuskure, alhali ba wanda ya yi.

Shi Apophis an taɓa cewa mita 270 ne. A Janairu 2013 madubin Herschel na Turai da ke sararin samaniya ya dube shi ta hasken zafi, wanda ido ba ya gani, wannan hanyar ta fi kyau saboda zafin da dutse ke fitarwa ya fi bin girmansa a kan launinsa, aka fara cewa 325, da aka sake tace bayanan aka ce 375. Hotunan rada kuma suka ba da 340, da ƙari ko ragin mita 40. Kuma ba dunƙulalle ba ne kamar ƙwallo, dogo ne, tsawonsa zai kai mita 450, wato filin ƙwallo huɗu a jere da ɗan ƙari, kuma da alama kamar curi biyu ne a manne. Juyawarsa ma ba tsaf take ba, tangaɗi yake yi yana wulwulawa ta fuska biyu, haskensa yana maimaita kansa duk wajen awa 30.

Za ka ce to mene ne a ciki, 270 da 375 ai duk tafiyar ɗaya ce. A'a fa. Nauyi ba da tsawo yake tafiya ba, da tsawo sau faɗi sau kauri yake tafiya, don haka na 375 ya kusa ninka na 270 sau uku a nauyi, ƙarfin dukansa ma haka. Ga kuma cikinsa da ba a leƙa ba, ko dunƙulallen dutse ne ko tarin tsakuwa da ɓaraguzai da suka riƙe juna sako-sako, kamar yadda aka tarar da wani dutse mai suna Bennu lokacin da kumbon OSIRIS-REx ya taɓa shi ya kusa nutsewa a ciki. Nauyin Apophis dai ana maganar tan miliyan gommai ne.

Da a ce irinsa zai faɗo, ƙiyasin ƙarfin fashewarsa da aka yi ya kai wajen megatan 1,200, ma'aunin da ake auna ƙarfin bam ɗin nukiliya da shi. Bam ɗin nukiliya mafi girma da aka taɓa tayarwa, wanda Tarayyar Sobiyet ta gwada a 1961, megatan 50 ne. Dutsen da ya fashe a Tunguska ta Saberiya ranar 30 ga Yuni 1908 wajen mita 50 zuwa 60 ne kawai amma ya kwantar da daji na sama da murabba'in kilomita 2,000. Kenan Apophis zai iya shafe yanki guda, in a teku ya faɗa ya tayar da igiya mai muni. Amma masu bidiyon da ke cewa ƙarshen duniya ne sun zuzuta, wanda ya faɗa Chicxulub a Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, wanda ake danganta wa ƙarewar dinoso, kilomita 10 ne faɗinsa, ya ninka Apophis wajen sau 30 a faɗi, a nauyi kuwa sau dubbai masu yawa.

Batun ɓoyewa kuma, gaskiya ko an so a ɓoye ba zai ɓoyu ba. Duk awon da aka yi wa waɗannan duwatsun, daga manyan cibiyoyi har masu duban taurari na sha'awa da madubinsu a bayan gida, ana tura shi cibiya ɗaya ne da ke Cambridge ta jihar Massachusetts, kuma a buɗe yake ga kowa. NASA tana lissafinta a Kalifoniya, hukumar sararin samaniyar Turai tana nata a Frascati ta Italiya, akwai kuma tsarin da masana jami'ar Pisa suka kafa tun tuni, kowa da manhajarsa. Ɗalibin da ya iya lissafi zai iya sauke bayanan ya bi sawu. In wani ya murɗa lamba, washegari wani a wata ƙasa zai tona shi.

Ni in ka tambaye ni inda damuwata take, ba a kan Apophis ba ce, shi ai an san shi an san gidansu. Waɗanda ba a gani ba su ne abin ji. Manya masu kilomita ɗaya zuwa sama an gano fiye da kashi 90 cikin ɗari. Amma masu mita 140 zuwa sama, majalisar dokokin Amurka ta ba NASA umarni tun 2005 ta nemo kashi 90 nasu kafin 2020, wa'adin ya zo ya wuce ko rabi ba a kai ba. Na Chelyabinsk ta ɓangaren rana ya ɓullo, babu madubin da ya gan shi. Shi ya sa ake ɗokin sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke Chile wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yuni 2025, da kumbon NEO Surveyor da ake haɗawa wanda zai yi farauta da hasken zafi, kaga zai kamo baƙaƙen kuma ya ba da girmansu kai tsaye. Ganowa da wuri ita ce komai, domin an riga an gwada ture dutse, ranar 26 ga Satumba 2022 kumbon DART ya daki wani ƙaramin dutse mai suna Dimorphos mai wajen mita 160, zagayen da yake yi wa uwarsa, babban dutsen Didymos, na awa 11 da minti 55 ya ragu da minti 32 zuwa 33. Irin wannan ɗan turin yana aiki ne in an yi shi shekaru da yawa kafin ranar, ba ana saura wata biyu ba.

Shi kuma daren 13 ga Afrilun, kusantowarsa mafi kusa za ta kasance wajen ƙarfe 9:46 na dare agogon GMT. Taurarin ɗan Adam da ke kawo mana tashoshin talabijin suna kilomita 35,786 ne a saman layin da ya raba duniya biyu, kenan zai shigo ƙasa da tsayinsu, amma a karkace zai ratso, ba ta cikin layin da suke jere ba. Mutanen Afirka da Turai da yammacin Asiya su ne za su more, za a gan shi da ido ƙuru-ƙuru ba madubi, kamar matsakaicin tauraro, ba wuta ba wutsiya, bambancinsa da sauran shi ne tafiya yake yi, a lokacin da ya fi sauri zai riƙa shafe fiye da faɗin wata a minti ɗaya. An kuma yi sa'a kwanakin ƙarshen wata ne, babu farin wata, sama za ta yi duhu sosai in babu hadari ko ƙura. Dutse mai wannan girman ya matso haka, ana ƙiyasin sau ɗaya ne cikin dubban shekaru.

Wanda zai ji jiki a haɗuwar ma shi ne, ba mu ba. Duniya za ta fizge shi ta buɗa masa falaki, shekararsa ta tashi daga kwana 324 ta koma wajen shekara ɗaya da wata biyu, ya bar rukunin Aten ya koma rukunin Apollo, masu yin yawancin zamansu a wajen layinmu. Ana sa ran juyawarsa za ta canza, wataƙila ma tsakuwar jikinsa ta zame a wasu wuraren. Kumbon nan da ya kawo samfurin Bennu gram 121 da ɗoriya a 24 ga Satumba 2023 bai yi ritaya ba, an canza masa suna zuwa OSIRIS-APEX an juya shi ya nufi Apophis, shirin shi ne ya riske shi jim kaɗan bayan wucewar ya zauna tare da shi wajen shekara ɗaya da rabi. Turawa kuma suna haɗa nasu mai suna Ramses, su so suke su tashi a 2028 su isa tun a Fabrairu 2029, don su ga dutsen kafin duniya ta taɓa shi da kuma bayan ta taɓa shi. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya isa ya zagaya shi ne za a daina cewa 340 da ƙari ko ragin 40, a kuma auna nauyinsa ta yadda yake jan kumbon.